Ciwon gaɓɓai a Nguru da Gashuwa: ƙullin kemis da zuciyar da aka manta

A Nguru da Gashuwa, idan gaɓɓai suka kumbura suna sanƙarewa da safe, sunan da aka fi ba ciwon shi ne sanyi. Maganinsa kuwa yana kemis: diclofenac, ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci a haɗa da prednisolone a ƙulle a leda babu suna. Masunci ya sha ya koma ruwa, manomin shinkafa ya koma fadama, uwar gida ta koma kan turmi. Da wuya a auna jinin ɗayansu.

Sai dai ba kowane ciwon gaɓɓai ne gajiyar aiki ba. Akwai amosanin gaɓɓai wanda garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa mai ita. Ya fi kama mata, kuma yakan fara daga yatsun hannayen biyu a lokaci guda. Kumburinsa ba ya tsayawa a gaɓa, yana bin jijiyoyin jini. Wani nazari na 2008 da ya tattara sakamakon bincike da dama ya nuna haɗarin mutuwa ta dalilin cututtukan zuciya ya ƙaru da kusan kashi 50 cikin 100 ga masu wannan cuta.

Ƙwayoyin rage zafin kuma ƙara wa Barno dawaki suke yi. A 2004 aka janye Vioxx daga kasuwa saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, a 2015 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tsananta gargaɗi a kan danginsa. Suna hawar da jini, suna rage jinin da ke isa ƙoda, balle ga wanda ya wuni cikin ranar bazara bai sha ruwa sosai ba.

Wannan kuwa yanki ne da ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗaukar rayuka. Gwamnatin Mai Mala Buni ta nemi haɗin gwiwar masana daga Birtaniya, cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe ta shiga binciken musabbabinsa. Zargin jama'a ya fi karkata ga ruwan sha da magungunan feshi, kuma ya kamata a bi diddiginsu. Amma binciken da bai tambayi majinyaci ƙwaya nawa yake haɗiya a mako, tun yaushe, ba zai cika ba.

Ba sai an jira sakamako ba. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da asibitin Gashuwa za su iya mayar da awon hawan jini da gwajin ƙoda wajibi ga duk mai ciwon gaɓɓai da ya daɗe. Wanda aka tabbatar amosani ne a ɗora shi kan methotrexate, wanda ke kwantar da kumburin daga tushe, tare da gwajin jini a kai a kai, ban da mai juna biyu. Masu kemis kuma a hana su sayar da ƙullin da babu suna.