Libarba mara nauyi don gasar harbi? Tsaya ka ji

Jama'a, masu kallon bidiyon gasar harbi a TikTok suna ta yaba libarba mara nauyi. Ni dai ban yarda ba.

Bindiga in ta cika sakayau, ta fi fizgar hannu idan harsashi ya fita, bakinta kuma ya fi rawa wajen saiti. Don sauƙin ɗauka aka ƙera ta, ba don gasa ba. Ka tuna Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda ya ci azurfa a Olamfik ta Faris a 2024, hannu ɗaya cikin aljihu? Bindigar iska ya riƙe, a tazarar mita 10. Natsuwa ce aikin.

Sannan dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun bindigogi, lasisinta sai shugaban ƙasa. Ga kuma halin da Wurno, Rabah da Goronyo ke ciki na 'yan bindiga. Ko hotonka riƙe da ita aka gani a wayarka, wallahi ka sha tambayoyi.

Kana son gwada saitinka? Ga kwari da baka nan, shi ma wasan Olamfik ne. Kada kwaikwayon bidiyo ya ja maka ɗauri.