Motar dizal: A auna matsin mai kafin a kwance famfo

Idan motar dizal ta zamani ta fara wuyar tashi da safe, ko ta rinƙa mutuwa a tsaye, ko ƙarfinta ya ɗauke a kan hawa, hukuncin da ake yankewa a gareji da yawa ɗaya ne: famfo ya tafi. Sai a tura mai mota Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya nemo na Beljiyam. Sau da yawa kuma bayan an ɗaura, matsalar tana nan inda take, kuɗin haya na makonni sun tafi.

Wannan ɗabi'a gado ce daga zamanin tsofaffin injina, lokacin da bakanike ke gane ciwon mota da kunne. Injinan Hilux da Hiace masu tambarin D-4D, da Sprinter, da Transit, tsarinsu daban ne. Famfo yana tura mai cikin bututu guda da duk nozul ke sha daga gare shi, kuma matsin da ke ciki kan kai ba 1,600 ko fiye idan mota na ja. Tayar ƙaramar mota ba 2 da ɗoriya take ɗauka. Mai riƙe wannan matsi daidai wani ɗan bawul ne da kwamfutar mota ke buɗewa da rufewa. A famfon Denso na Hilux ana kiransa SCV, yana jikin famfon, yana auna man da ke shiga. A wasu motoci masu tsarin Bosch akwai wani kuma a ƙarshen bututun, mai sakin rarar mai ya koma tanki.

Bawul ɗin yana lalacewa, babu musu. Amma alamun lalacewarsa iri ɗaya ne da na toshewar filta, da na iska a layin mai, da na nozul mai yoyo, da na waya da ta tsinke. Ko lambar da na'urar gwaji ke nunawa ba ta raba gardama. P0087 na nufin matsi ya yi ƙasa, P0088 na nufin ya yi yawa. Babu wadda ta faɗi dalili. Bakaniken da ya ga lamba ya ce a sayo bawul, canki-canka yake yi da aljihun wani.

Shi ya sa zaɓen kayan aiki ya fi komai. 'Yar na'urar nan mai arha da ake haɗawa da waya tana karanta lamba tana gogewa, kuma ta isa mai mota ya san inda aka dosa. Wanda ke karɓar kuɗin gyara kuwa yana buƙatar wadda ke nuna abu biyu a lokaci guda yayin da inji ke aiki: matsin da kwamfuta ke nema, da matsin da ake samu. Idan mota na tsaye a kunne amma na biyun yana hawa da sauka, inji na rawa tare da shi, zargi ya karkata ga bawul mai maƙalewa. Idan biyun sun yi daidai a tsaye, sai an taka totur matsi ya faɗi, to a fara da filta da layin da ke kawo mai daga tanki.

Sauran kayan ba su da tsada. Mitar lantarki za ta nuna ko wayar cikin bawul ta ƙone, ko wuta na isa gare shi. Ɗan tiyo mai haske da aka sa tsakanin filta da famfo zai tona asirin kumfar iska. Sai kwalaben awo da ake haɗawa da layin komawar mai na kowace nozul: wadda kwalbarta ta riga sauran cika da nisa, ita ke zubar da matsin. Nozul ɗaya tak mai irin wannan yoyo tana iya hana mota tashi alhali famfo da bawul lafiyarsu ƙalau. Gwajin ba ya cin rabin awa, amma ba kowane gareji ke da kwalaben ba.

Akwai kuma al'adar sassauta bututun nozul inji na aiki don a ga ko mai na zuwa. A wannan tsari ganganci ne. Man da ke fita da irin wannan matsi yana huda fata ya shiga nama, kuma raunin da ya yi kamar tsinken allura na iya kaiwa ga yanke yatsa.

Kanikawa na da hanzarinsu: na'ura mai kyau tana da tsada, kuma masu mota ba sa son biyan kuɗin bincike, sai sun ga an canza ƙarfe. Wannan gaskiya ne, kuma laifin na masu motar ne. Wanda ya ƙi biyan kuɗin awo, shi ne zai biya kuɗin famfon da bai lalace ba.

Idan awo ya tabbatar bawul ne, aikin bai ƙare ba. A wanke wurin tas kafin a kwance, domin ƙurar hunturu kaɗan ta isa ta maƙale sabon. A Hilux, bayan an ɗaura, ana sa na'ura ta sake koya wa kwamfuta yadda famfon yake. A kuma duba tsohon da kyau a cikin haske. Tsatsa alamar ruwa ne a tanki, abin da ba baƙo ba ne ga mai sayen gas a jarka wurin 'yan bumburutu. Dizal ɗin da aka gauraya da kananzir kuwa ba shi da santsin da famfo ke buƙata, yana cinye shi a hankali. Idan aka ga ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli a jikin bawul ɗin, famfon ne da kansa ke gugewa, kuma ɓurɓushin ya riga ya zagaya. A nan sai an sauke tanki an wanke, an duba bututu da nozul duka, in ba haka ba sabon famfon ma zai sha abin da tsohon ya bari.