Raddi Ga Masu Cewa Auna Bawul Ɗin Amfilifaya Damfara Ce

Wata magana ta yaɗu tsakanin masu kaɗa jita, wai sayen bawul ɗin amfilifaya biyu-biyu ko huɗu-huɗu da aka auna suka dace da juna dabarar 'yan kasuwa ce ta ƙara farashi. Hujjojinsu uku ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Ta farko, wai a da ba a aunawa, kiɗa kuwa ya yi daɗi. Mu ɗauka haka ne. To me ya sa a ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Fender ya sanya wa amfilifaya samfurin Twin Reverb, mai bawul 6L6GC huɗu, maɓallin daidaita wutar da ɓangarorinsa biyu ke ja? Ai ba a haɗa maganin ciwon da babu shi. Bawul ɗin nan aikin karɓa-karɓa suke yi, wannan ya tura wancan ya ja, wutarsu ta ratsa taransifoma ta fuskoki biyu har maganaɗisun ɗaya ya soke na ɗayan. In ɓangare guda ya rinjaya, sokewar ba ta cika ba, sai gurnanin wuta ya fito a lasifika, amo mai kauri kuma ya raunana. Mu duba bawul EL34 da ake sawa a amfilifaya ƙirar Marshall. Iyakarsa wat 25, masu gyara kan saita shi kusan kashi 70 cikin 100, wato miliamfiya 39 a bolt 450. Amfilifaya da yawa maɓallin saiti ɗaya gare su. In bawul guda na jan 30 ɗayan 48, matsakaicin 39 ne cif, amma na biyun yana cin fiye da wat 21 tun ba a taɓa tsirkiya ba. Shi zai riga ɗan'uwansa yin ja wur.

Ta biyu, wai saɓanin ne ke ƙara wa sauti zaƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ɗan bambanci kan saki wasu amo da daidaito ke dannewa. Sai dai zaƙin da aka samu da ka, ba a iya maimaita shi. Mai son wannan sauti ya nemi Fender Champ, mai 6V6 ɗaya tilo, wanda ba shi da abokin da za a auna shi da shi.

Ta uku, wai bawul na sauyawa da aiki. Haka ne, shi ya sa mai sayarwa na kirki yake kunna shi sa'o'i kafin ya auna. Wannan dalilin sake awo ne, ba na barinsa ba.

Ba mu ce sai an dace ɗari bisa ɗari ba. Bambancin 'yan miliamfiya ba ya cutarwa. Amma mai karatu, in ka sauya bawul, kai wa mai gyara ya auna ya saita, kada ka sa hannu da kanka, domin wutar da ke ciki tana kisa ko bayan an zare soket.