Hoton Tafiya Amana Ne a Hannun Mai Ɗauka

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji, kuma babu abin da ya gaskata wannan karin magana kamar hoton tafiya. Sai dai idan ayari ya dawo gida, sau da yawa hotunan suna maƙalewa a wayar mutum ɗaya, sauran abokan tafiya su yi ta bibiya har su gaji. Hoton da aka ɗauka a cikin taro amana ce: wanda ke riƙe da shi wajibi ne ya isar da shi ga duk wanda ya fito a ciki, ya kuma tsare shi daga wanda ba ya ciki.

Hausawan Gadarif, a gabashin Sudan, sun fi kowa dalilin kula da wannan batu. Kakanninsu da dama sun zo ne ta hanyar aikin hajji, wasu kuma sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu. Sun zauna a ƙasar noman riɗi da dawa, danginsu kuwa suna warwatse daga Kasala har Kano. A wurin irin wannan jama'a, hoton ziyarar Mai Wurno ko na yawon ɗalibai zuwa gandun dajin Dindir shaidar zumunci ne da ake aikawa nesa.

A zamanin fim tsarin a bayyane yake. Mai hoto yana ajiye baƙin fim, a wanke kwafi guda, a zagaya da shi, duk mai so ya rubuta sunansa ya biya kuɗin wanki. Har yau ana cewa “wanke hoto”, ko da yake na'ura ce ke buga shi. Waya ta sauƙaƙa ɗauka, amma ta rushe wancan tsari. Hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi ta rage ingancinsa. Idan aka sake tura shi aka kai wanki, fuskoki su fito dishi-dishi. Hoto mai faɗin santimita 10 da tsawon 15 yana buƙatar ɗigo kusan 1200 sau 1800 kafin ya fito tas. Don haka wanda ya nemi kwafi domin wanki, haƙƙinsa ne a tura masa ainihin fayil ɗin. Dattijon da ba ya riƙe babbar waya kuwa, a wanke a kai masa har gida, a raba kuɗin tun kafin a watse.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya amsa wannan. Da Wad Madani ta faɗi a watan Disamba na shekarar, jama'a masu yawa sun kwararo Gadarif, sun baro gidaje da akwatuna, wasu an ƙwace musu wayoyi a hanya. Hoton da yake hannu ɗaya ya tafi ke nan. Wanda aka rarraba wa mutum goma, ana iya samunsa a wurin wani.

Ɗaya ɓangaren amanar shi ne neman izini. Dokokin haƙƙin mallaka a galibin ƙasashe suna ba mai ɗaukar hoto ikon bugawa, amma doka ba ta share nauyin mutunci. Idan mujallar makaranta, ko wata ƙungiya, ko mai bincike ya nemi sake buga hoton ayari, amincewar mai ɗauka kaɗai ba ta wadatar ba. A ciki akwai matar aure da ba ta son fuskarta a kalanda, akwai yaron da iyayensa ba su sani ba, akwai kuma, a lokacin yaƙi, wanda bayyana inda yake zai iya jawo masa fitina. Ya kamata a tambayi mai nema inda za a buga da dalilin bugawa, a sanar da waɗanda ke ciki, a cire wanda ya ƙi ko a zaɓi wani hoton, sannan a rubuta sunan mai ɗauka da wuri da kwanan wata.

Hanya mafi sauƙi ita ce ayari ya naɗa mutum ɗaya tun kafin a hau mota: shi zai tattara hotuna, ya raba su cikin mako guda, kuma ta wurinsa duk wata buƙatar sake bugawa za ta bi. Rigakafi ya fi magani, domin hoton da ya fita duniya ba a iya kiransa ya dawo.