Memori Ba Rumbu Ba Ne

A hutun Sallar da ta gabata na je Kaboji, a yankin Kontagora ta Jihar Neja, inda dangin mahaifiyata suke. Muna hira bayan isha'i, kawuna ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, duba mini memorin nan, ya daina buɗewa." A cikinsa akwai muryar kakarmu, Allah Ya jiƙanta, tana jero sunayen kakanninmu da garuruwan da suka ratso kafin su zauna a nan. Akwai kuma hoton takardar gonar gado. Na gwada shi a wayata, na sake gwadawa a kwamfuta da na koma Abuja, bai buɗe ba har yau. Takardar gona tana nan a ƙasan akwati, amma muryar ta tafi ke nan.

Ban ga laifin Kawu ba, domin memori ya cancanci yardar da aka ba shi. Tun da kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da katin SD a 1999, aka kuma samu ƙaraminsa na waya, microSD, a 2005, talaka ya sami ma'ajiyar da ta dace da halinsa. Babu abin da ke juyawa a cikinsa kamar kaset ko faifan CD, saboda haka faɗuwa da girgizar babur ba su cika yi masa illa ba. Ba ya buƙatar wuta kafin ya riƙe abin da aka zuba masa, kuma ko yana aiki ɗan kaɗan yake ja daga batirin waya. Wannan ba ƙaramar falala ba ce a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro, amma jama'ar ƙauyukanta da dama sai sun biya mai caji kafin wayarsu ta kawo. Da memori manomi ke sauraron tafsiri a gona, matar gida ta kalli fim ɗin Kannywood ba tare da ta sayi data ba.

Sai dai akwai abin da masu turi a bakin kasuwa ba sa faɗa wa mai saye: memori yana mantuwa. Fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980 tana adana bayani ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan gurabe masu ɗimbin yawa. Wannan caji yana tsiyayewa sannu a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Katin da aka jefa a aljihun mota ko aka bari a ɗakin kwano lokacin bazara yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. Kowane gurbi kuma yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa. Ga kuma gaggawarmu: wanda ya zare kati ana cikin turi, ko batirinsa ya mutu a daidai lokacin, yana iya rikita tsarin da katin ke gane fayilolinsa da shi.

Mafi muni shi ne na jabu. Akwai katin da za a rubuta masa giga 64, waya ma ta nuna hakan, alhali ainihin cikinsa bai kai kusa ba. Zai riƙa karɓar kaya kamar gaske, idan ya cika sai sabo ya hau kan tsoho, mai shi bai sani ba sai ranar da ya nema. Araha dai ba ta ado. A nan ne ya kamata Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sa ido sosai, ƙungiyoyin masu sayar da kayan waya su ma su tsarkake sana'arsu.

Kafin nan, nauyin yana kanmu. A sayi kati wurin wanda za a iya komawa gare shi, a cika shi da kaya a ranar farko, a buɗe su a tabbatar suna nan. A duba alamar lamba 10 cikin da'ira, wadda ke nufin yana rubuta aƙalla megabait 10 a daƙiƙa. A kashe waya kafin a zare shi, a kuma nisanta shi da zafin rana. Waƙa da fim, in sun ɓata, mai turi zai sake zubawa. Amma muryar iyaye, hoton takardar fili da lissafin bashi, a ajiye su a wuri biyu ko uku: a tura wa ɗan'uwa, a sa a imel, a rubuta abin da zai rubutu a takarda.

Manomin Kaboji ya san buhun da ake kai hatsi kasuwa da shi daban yake da rumbun da ke ciyar da gida har wata damina. Memori buhu ne. Duk mai tsoho a gida da ya naɗi muryarsa, ya kwafe ta yau, tun katin yana buɗewa.