Me Ke Lanƙwasa Karta?

Duk wanda ya taɓa zama majalisar da ake buga karta ya san rigimar da kati guda lanƙwasasshe ke haddasawa. Da zarar ya yi doro a cikin 'yan uwansa, to ya zama shaidadde, mai ido yana gane shi ko da a kife yake. Daga nan sai zargi: wane ne ya tanƙwara shi don maguɗi? Ba na musun akwai masu yin hakan. Amma a ganina, mafi yawan kartar da ke lanƙwashewa a ƙasar nan ruwa ne ya lanƙwasa ta, kuma hanyoyin da muka saba bi wajen gyara ta su ne ke ƙarasa ta.

Bari mu fara da abin da aka yi ta da shi. Kati ɗaya yawanci falle biyu ne na takarda da aka manne da gam mai duhu a tsakiya, don kada haske ya ratsa a ga abin da ke ciki, sannan aka shafe fuska da baya da wani siririn mai mai sheƙi. Ita kuwa takarda daga itace take, wato tarin ƙananan zaruruwa ne na sinadarin selulos, wanda shi ne bangon ƙwayoyin halittar tsiro. Itacen ya mutu, amma halinsa na son ruwa bai mutu ba. Selulos yana zuƙar laima daga iska, ya kuma sake ta idan iskar ta bushe. Idan zaren ya sha ruwa yakan kumbura ta faɗi ƙwarai, ta tsawo kuwa kaɗan ainun. Da yake a masana'anta galibin zaruruwan sukan jeru su fuskanci waje ɗaya, takarda ta fi buɗewa ta gefe guda fiye da ɗayan. Shi ya sa kartar kwali ɗaya kan lanƙwashe duk ta fuska guda, kamar an haɗa baki.

Lanƙwasar kanta tana zuwa ne idan fuskokin biyu ba su sha ruwa daidai ba. A ajiye kati bisa tabarma mai sanyi, samansa na shan iska: ɓangaren da ya fi danshi sai ya miƙe ya yi doro, wanda ya fi bushewa ya takure ya yi kwarmi. Mai nazarin tsirrai ba zai yi mamakin wannan ba, don kuwa da irin wannan dabara kwanson wake ke murɗewa ya fashe da kaka. A shekarar 1997 mujallar Nature ta buga binciken da ya nuna haka 'ya'yan itacen fayin na ƙasashen sanyi ke buɗewa: ɓawonsu rufi biyu ne, kowanne da irin kumburinsa.

To, ina mu ina kartar da aka yi don wata iska? Ma'aunin da masu gwada takarda suka amince da shi a duniya shi ne zafi digiri 23, laimar iska kashi 50 cikin 100. A Kano ko Zinder laima kan sauka ƙasa da kashi 20 da hunturu, ta haura 70 a watan Agusta. Wato sau biyu a shekara kartar tana shan wahalar da murfin littafi da ƙofar katako ke sha.

Abin da nake jayayya da shi shi ne garajen gyara. Wani ya ɗora dutsen guga, wani ya shanya a rana, wani ya kama da hannu ya tanƙwara ta baya. Guga tana busar da fuska ɗaya farat ɗaya, wato ta ƙara bambancin da ya kawo cutar tun farko, tana kuma iya ɓata man da aka shafa, ta sa gam ya saki. Rana ma haka. Tanƙwarawa da ƙarfi kuwa takan karya zaruruwa, katin ya yi laushi, ya sami layi a tsakiya wanda ba ya gogewa.

Maganin ba ya cin ko kwabo, haƙuri kawai yake so. A tattara kartar a daidaita gefunanta, a raba biyu, a juya rabi ya fuskanci rabi don doron wannan ya danne na wancan. A sa ta tsakanin abubuwa biyu masu shafaffen jiki, a ɗora nauyi kamar manyan littattafai, a bar ta cikin ɗaki nesa da taga na 'yan kwanaki. Nauyin riƙe ta kawai yake yi; ainihin aikin shi ne laimar ta rarrabu daidai a ko'ina, kuma wannan ba ya yiwuwa a dare ɗaya. Sai dai mai karatu ya sani, katin da ya jiƙe sharkaf ba ya komawa yadda yake, domin zaruruwan sun riga sun saki ɗaurin da aka busar da su a kansa. Irin wannan sai a haƙura da shi.

Rigakafin ya fi sauƙi. In an tashi wasa a mayar da ita kwalinta, kwalin kuma cikin gwangwani mai murfi. Da damina a jefa 'yar jakar nan ta ƙwayoyin silika da ake samu cikin kwalin takalmi ko magani; da hunturu a cire ta, murfin ya wadatar. Kada a ɗaure ta da roba, kada a sa ta aljihun baya inda gumi da zama za su haɗu mata, kada a bar ta gaban mota a rana. Mai gaurayawa kuma ya riƙa juya ta, don kullum lanƙwasa ta waje ɗaya ma yana barin alama. Ko kartar roba, wadda ba ta damu da laima sosai ba, zafi yana karkatar da ita.

Ina kuma kira ga malaman kimiyya na sakandare da ke kukan rashin kayan aiki. Tsohon kati ɗaya da tsumma mai ɗan danshi sun isa: a ɗora shi a kai, cikin 'yan mintuna ɗalibai za su ga ya ɗaga gefunansa. A tambaye su wace fuska ce ta miƙe, sannan a miƙa musu busasshen kwanson wake su yi bayani da kansu.