Waiwaye: Kwandon Iya da Baƙar Leda

Lokacin da nake firamare, wajen ƙarshen shekarun 1980, ni ne ɗan rakiyar kakata zuwa cefane. Iya muke ce mata. Duk ranar Asabar da hantsi sai ta leƙo soro ta ce, "Maigida, tashi ka ɗauko kaya, kada rana ta yi mana." Kayan kuwa sanannu ne: kwandon kaba mai hannu biyu, da kwalabe biyu da aka toshe bakinsu da totuwar masara, ɗaya ta man gyaɗa ɗaya ta manja, da 'yar ƙwarya da faifanta, sai wani tsohon ɗankwali da take ƙulle gishiri a wannan gefe, kanwa a wancan. Da su muke tafiya Kasuwar Rimi, da su muke dawowa.

A kasuwa kowa ya san aikinsa. Mai mai ya karɓi kwalba, ya kafa mazurari, ya auna, ya ɗan ɗiga gyara. Mai goro ya yayyafa ruwa ya naɗe mata a ganyen fita. Tumatir da tattasai da albasa a juye su kai tsaye cikin kwando, daddawa ta shiga ƙwarya a rufe da faifai. Ni dai nawa ɗauka ne, da jiran alewar da za a biya ni lada da ita. Abin da ban lura da shi ba a wancan lokaci, sai yanzu da furfura ta fara leƙowa, shi ne duk abin da ya biyo mu gida daga kasuwar nan, idan ba mu ci shi ba akuya za ta ci, idan ta bari wuta ta ci, idan wuta ta bari ƙasa ta cinye.

Haka gidan gaba ɗaya yake tafiya. Idan aka surfa gero, dusa da ƙasari na dabbobi ne. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, wanda ya kama gindin tukunya a shanya shi ya zama ƙanzo. Toka ta wanke tukunya, wata a tarfa ta a sa a miya. Zane ya tsufa ya koma goyo, daga goyo ya koma gammo, daga gammo ya koma tsumma. Ƙwarya ta tsage, a jira gyartai ya zo wucewa ya ɗinke ta, ta sake shekara biyu tana aiki. Ruwan sha yana randa a gindin inuwa, da moɗa a kan murfi, sanyinsa ba ya jiran a kawo wuta. Ko bolar unguwa tana da masu so: da rani manoman karkara ke shigowa da jakuna da mangala su kwashe ta zuwa gonaki. Da wannan takin ne gonakin da ke kewaye da birnin Kano suka daɗe ana noma su shekara bayan shekara ba tare da sun gaji ba.

Iya ba ta taɓa jin ana maganar ɗumamar yanayi ba. Abin da ta sani shi ne tattali, da kuma abin da malamai suka faɗa mata, cewa almubazzaranci ba shi da kyau ko da a ruwan alwala ne, ko da mutum yana bakin kogi.

Sai leda ta shigo, kuma mun karɓe ta hannu bibbiyu. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, shi ya ƙirƙiro jakar leda irin wadda muka sani, kamfanin da yake wa aiki ya yi mata rajista a 1965. Abin mamaki, niyyarsa ita ce a rage sare itatuwan da ake yin jakar takarda da su, kuma a riƙa maimaita amfani da ita. Ɗansa ya taɓa ba da labari cewa mahaifin nasu kullum da guda ɗaya a ninke a aljihunsa. Mu da ta iso gare mu, sai muka mai da ita abar amfani sau ɗaya. A shekarun 1990 kuma ruwan leda, fiya wata, ya bazu ko'ina, randa ta koma bayan ɗaki. Zuwa kasuwa da kwando ya zama ƙauyanci. Ni da bakina na taɓa ce wa Iya ta daina ba mu kunya da kwalabenta. Ta dube ni ta ce, "Angon zamani, wannan abar taku da ba ta ruɓewa, in kun gama da ita ina za ku kai ta?" Na yi dariya na wuce.

Amsar tambayar nan sai da na yi aure na haihu sannan na same ta, kuma a tumbin rago na same ta.

Wata shekara na sayi ɗan rago tun watanni biyar kafin Babbar Sallah, don in yi kiwo da hannuna in huce tsadar kasuwa. Na ɗaure shi a tsakar gida, harawa da dusa da kowa ba ya rasawa. Wata biyu yana murjewa, sai ya fara ja da baya. Ya rage cin abinci, gashinsa ya tashi, ƙashin bayansa ya fito, cikin kuwa tulele kamar an hura. Muka yi maganin tsutsa, muka yi jiƙon kanwa, shiru. Da na ga zai mutu a banza, sai na kira mahauci saura mako uku Sallah. Yana farka tumbin ya tsaya, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, zo ka ga abin da ya hana ragonka ci." Ya sa hannu biyu ya zaro wani dunƙule baƙi ƙirin, ya murɗe kamar igiya, girmansa ya kai kan yaro. Ya shimfiɗa shi a ƙasa yana warwarewa da bakin wuƙa. Ga baƙar leda, ga farar da ake ƙulla tuwo, ga ta fiya wata har da sauran shuɗin rubutu a jikinta. Ya ce, "Wannan ai kullum ne a mayanka. Wata saniyar sai ka cika bokiti."

Ban zargi kowa ba, don na gane kayana. Ledar ƙosai ce da yara ke yarwa da safe, da ta alale, da ta tuwon da ake malmalawa a gidana. Ƙanshin mai da gishiri ke jan dabba ta haɗiye, ita kuwa leda ba ta narkewa a ciki. Tana taruwa ta cika tumbi, dabba ta riƙa jin ƙoshi alhali yunwa ke cin ta. A waccan shekarar sai da na ci bashi na sayi wani ragon. Ledar da mai kanti ke ba ni kyauta, ranar na san kuɗinta.

Tun daga nan idona ya buɗe. Leda daga man fetur da iskar gas ake yin ta, shi ya sa ƙasa ba ta cin ta. Rana dai ta gasa ta, ta kakkarye ta zama ɓurɓushi, amma tana nan. Dubi kwatar unguwarku bayan ruwan farko na damina. Dubi rafin Jakara, dubi kududdufan da suka rage a birnin Kano. Ruwa ya zo wucewa ya tarar da hanya a toshe, ya juya ya shiga gidajen mutane, katangar ƙasa ta jiƙa ta zauna. Wanda ya kwanta a kwata kuma ya zama gidan sauro. Manomin da ya sayi bola yau sai ya tsaya tsince leda kafin ya watsa, in ba haka ba garma ta riƙa tono ta shekara da shekaru. Sannan ga wata ɗabi'a da ta shiga madafanmu: hura gawayi da leda. Wannan baƙin hayaƙin mai ɗaci, uwargida da goyonta ne ke fara shaƙarsa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002, bayan an gano yadda take toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, har a filin jirgin sama ana karɓe ta daga hannun baƙi. Kenya ta bi sahu a 2017 da doka mai tsanani, wadda ta tanadi tara mai nauyi ko ɗaurin da zai iya kai shekara huɗu. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, Jihar Legas kuma ta hana farar robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Doka tana da amfani, amma wanda ya bi hanyar Maraɗi ko Damagaram ya ga yadda leda ke lilo a kan ƙaya, ya san takarda ita kaɗai ba ta share gari. Muddin mai saye zai fito hannu rabbana, mai sayarwa zai nemo abin da zai ƙulla masa.

Kada a ce ina yabon jiya don ta wuce. Jiya tana da nata aibin. Takardar buhun siminti da tsohuwar jarida da ake naɗe tsire da ƙosai a ciki ba tsafta ba ce. Ƙuda ya sha bin abinci a buɗe. Mai shan fiya wata ma ba don gayu yake sha ba, famfo ne ya ƙafe, kuma ba kowace rijiya ce abar yarda ba. Talakan da ke sayen sukari da omo da mai ƙulli-ƙulli, aljihunsa ne ya yanka masa haka. Duk wannan gaskiya ne. Amma mafi yawan ledar da ke shigowa gidajenmu ba larura ce ke kawo ta ba, sakaci ne da ganin araha. Mutum ya sayi ashana kwali ɗaya a sa masa a leda. Ya sayi burodin da ke cikin leda a ƙara masa wata. Ya sayi lemo uku ya ce a ninka masa biyu kada ta fashe.

Abin da na koma yi a gidana ba wani abin a zo a gani ba ne, kwaikwayon Iya ne kawai. Na kai wa tela buhunan shinkafa biyu da suka ƙare, ya ɗinka mini jakunkuna masu hannu. Ɗaya tana rataye a bayan ƙofa, ɗaya a ƙarƙashin kujerar babur, yau shekararsu ta uku. Yaron da za a aika sayen koko ko waken suya da kula yake tafiya, mun daina zuba abu mai zafi a leda. Mai da manja a galan ake auno su. Hatsi da wake mukan haɗa kuɗi da maƙwabta biyu mu sayi buhu mu raba, ya fi sauƙi, kuma babu ƙulle-ƙulle. Lokacin da tumatirin Kadawa ya yi araha mukan saya da yawa a yanka a shanya, mu huta da na leda idan ya yi tsada. Randa ta dawo gindin bishiyar darbejiya, ana tafasa ruwa ya huce a zuba. Shara kuma kashi uku ce: abin da dabba za ta ci, abin da zai ruɓe ya tafi gona, sai roba da ƙarfe da gwangwani da ake tara wa 'yan jari bola, su biya mu kuɗi ma a kai. Robar lemo kuwa masu zoɓo da kunun aya suna nema.

Kafin in sayi abu yanzu, tambaya biyu nake yi wa kaina: zai yi ƙarko, kuma in ya lalace akwai mai gyara shi a kusa? Bokitin roba mai araha da zai fashe kafin wata uku ya fi na ƙarfe tsada in aka yi lissafin shekara. Araha dai ba ta ado. Takalmi ya tsinke akwai mai ɗinki a bakin titi, fitila ta mutu akwai mai gyara, kuma kuɗin da ka ba su a unguwa zai kwana.

Inda ya fi wuya shi ne wajen biki da suna. Da, a langa da fanteka ake kai wa maƙwabta abinci, a dawo da kwano a wanke, wani lokaci har da ɗan tukwici a ciki. Wannan kai da kawowar kwanuka ita kanta zumunci ce. Yanzu kowa a miƙa masa tasa robar, washegari layin gaba ɗaya ya koma bola. Da muka yi sunan 'yar autarmu na ce a koma tire da kwanuka. An yi ta tsegumi, wasu suka ce maƙo ne. Amma da aka watse, tsintsiya ɗaya ta share ƙofar gida.

Iya ta rasu ba ta ga ragon nan ba, kuma ban samu damar ce mata ta fi ni gaskiya ba. Kwandonta dai yana nan a ɗakin mahaifiyata, hannu ɗaya ya tsinke an ɗaure da igiya, har yanzu ana zuba albasa a ciki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Mai karatu, ba na ce ka gyara duniya ba. Gobe in za ka fita cefane, ɗauki jaka daga gida. Idan mai kanti ya miƙo hannu zai zaro leda, ka ce masa, "Bar ta, malam, na zo da tawa."